Ranar da haifo ya tsallake saiwar haƙori a hannuna

Wannan abin dani ya faru, a wani ƙaramin asibitin haƙori mai kujera biyu da nake aiki a cikin Kano, bazan faɗi sunan gurin ba kuma bazan faɗi sunan matar ba, ita da bakinta ta yarda in rubuta in dai ba wanda zai ganeta. Ina rubutawa ne saboda ƙannenmu da suka fito daga makaranta kwanan nan, masu horon asibiti da masu bautar ƙasa, da kuma mutanen da ake kwantarwa ayi musu aikin jijiyar haƙori suna tambaya wai likita meye wannan ruwan mai warin banɗaki da kake ta ɗura min a baki. Toh ga amsar, haifo ne wato bilic, amma zan bayar da ita ne ta hanyar ranar da ruwan nan yasa nace na shiga uku.

Matar 'yar shekara 34 ce, tela ce mai ɗinkin mata, 'ya'yanta huɗu. Ba suga, ba hawan jini, ba olsa, ba asma, ba ciki, ba wani magani da take sha kullum, duk na tambaya na rubuta tun zuwan farko kuma wannan rubutun ya taimakeni daga baya. Haƙorin na sama ne ɓangaren hagu, wanda yake bin fiƙa, na huɗu kenan in ka ƙirgo daga tsakiya. Yayi kogo tun tana goyon autarta, ba irin wahalar da bata sha ba, ta cusa kanumfari ta cusa asfirin ta shafa man zafi, har gurin mai hayaƙi taje wai ya cire mata tsutsa, sai kawai wata rana ciwon ya ɗauke ɗif tayi ta murna. Wannan ɗaukewar ita ce mutanenmu suke ɗauka warkewa, alhali jijiyar ce ta mutu ta fara ruɓa a ciki. Bayan wasu watanni wani ɗan ƙurji ya fito mata a dasashi saitin haƙorin, ya taru ya fashe da mugunya ya sake taruwa. Dana gwada da sanyi haƙorin bai ji komai ba, dana ƙwanƙwasa ta ɗan yamutsa fuska, hoto kuma ya nuna baƙin dabo a ƙarshen saiwa kamar girman ƙwayar wake, wato ƙashin gurin ya fara cinyewa. Na bata zaɓi biyu, a cire ko ayi aikin jijiya. Tace likita in nayi dariya ana ganinsa, ga bikin ƙanwata saura kwana 12 kuma nice babbar yaya nice mai ɗinkin anko, ba za'a cire min ba. Shikenan muka tsaya akan aikin jijiya.

Ga wanda bai sani ba, cikin haƙori ba dutse bane zalla, akwai ɗan ɗaki a tsakiya da wasu siraran hanyoyi da suke gangarawa cikin saiwa har su ɓulla a ƙarshenta ta wata 'yar ƙofa ƙarama sosai, a nan jijiya da hanyoyin jini suke. Aikin shine a buɗe, a kwashe abin da ya ruɓe, a kashe ƙwayoyin cuta, a toshe. Tun 1965 wani mai bincike Kakehashi da abokan aikinsa suka nuna a jikin ɓeraye cewa in ba ƙwayoyin cuta, ko an bar jijiyar a buɗe ba ta ruɓewa, saiwa ba ta yin ƙurji, dan haka duk faɗan da su ake yi. Matsalar ita ce hanyar nan ba kamar bututun famfo take ba. Tafi kama da cikin birni, ga titi ɗaya da mota take bi, ga lunguna birjik hagu da dama waɗanda ko mai babur sai ya sauka ya tura. Fayil ɗinmu, 'yan siraran ƙarafan da muke murzawa a ciki, titin kawai yake bi, kuma binciken da akai da na'urar hoto mai ganin cikin saiwa ya nuna kashi ɗaya cikin uku na bangon hanyar ko ma fiye, fayil ba ya taɓa shi sam. Abin da yake shiga lungu ruwa ne. Shi yasa malamanmu suke cewa fayil hanya yake buɗewa, wankin na ruwa ne.

Kuma ruwan da har yau ba'a samu wanda ya kada shi ba shine sodiyam haifokulorait, mu dai haifo muke ce masa, eh shi dai wannan bilic ɗin da ake wanke farin kaya da masai. Ba sabon abu bane a likitanci, a yaƙin duniya na ɗaya Henry Dakin, masanin haɗa sinadarai ɗan Ingila, tare da Alexis Carrel likitan tiyata ɗan Faransa suka riƙa wanke raunukan sojoji da mai ƙarfin rabin kashi 1 cikin 100, a 1915 kenan, daga baya likitocin haƙori suka ɗauka. A cikin haƙori ana amfani da shi daga kashi 0.5 har 5.25 ko 6 cikin 100. Abu biyu yake yi a lokaci guda, yana kashe ƙwayoyin cuta kuma yana narkar da nama, na biyun nan shine babu wani ruwa a teburinmu da yake yi kamarsa. In kana so ka gani da idonka, ranar daka zaro jijiyar haƙorin gaba gabaɗayanta, tana fitowa kamar ɗan jan zare, jefa ta a ɗan kofin gilas mai haifo ka zuba ido, zakaga 'yan ƙananan kumfa sun taso a jikinta, jan ya koma fari fat, gefenta ya fara zagwanyewa, kafin ka gama da mara lafiyar ka waiwayo babu ita. Na sha nuna wa ɗalibai wannan suna mamaki, abin da ban cika tsayawa na faɗa musu ba shine ruwan nan bai san mataccen nama da rayayye ba, duk wanda ya samu ci yake.

A irin asibitocinmu gaskiya ba kowa ne yake sayen wanda aka haɗa musamman dan haƙori ba saboda tsada, da yawa bilic ɗin kanti muke saya, Jik misali kashi 3.5 ne a rubuce a jikinsa, mu surka da ruwa mai tsafta daidai ƙarfin da muke so. Abin lura kawai a ɗauki wanda ba turare ba kauri, kuma a sani haske da zafi da barin murfi a buɗe suna rage masa ƙarfi, wanda aka surka ya kwana biyu a taga a zafin Kano sai dai wari.

Zuwan farko lafiya lau. Na buɗe, na samu hanyoyi biyu kamar yadda aka saba a wannan haƙorin, ɗaya ta ɓangaren kumatu ɗaya ta ɓangaren ganɗa, na auna tsayi da na'urar gano ƙarshen saiwa na tabbatar da hoto, milimita 21 daga kan tsinin haƙorin, na rubuta a kati. Na wanke, na saka kalsiyam haidoroksaid, maganin da ake bari a cikin hanya yana kashe ƙwayoyin cuta kafin zama na gaba, na rufe da cikon wucin gadi. Sai kuma kafin ta tashi, saboda haƙorin ya raunana kada ta tauna ya tsage, na ɗan rage tsinin nan da inji. Ban gyara lambar da ke kati ba. Ku riƙe wannan.

Bayan kwana biyar ta dawo, ranar Alhamis ce dab da la'asar, an ɗauke wuta tun safe, yaron janareta yana ta leƙowa yana cewa mai saura kaɗan, mutum uku suna jira a benci. Batirin na'urar aunawa ya mutu. Nace ai ina da tsayi a kati, na saita fayil a 21 na cigaba da faɗaɗawa, alhali tsinin da nake aunawa daga kansa ya ragu da wajen milimita ɗaya da rabi, wato duk murzawar da nake yi fayil ɗin yana leƙawa waje ta ƙofar saiwa yana ƙara mata faɗi, ƙofar da dama ƙurji ya riga ya ɗan cinye bakinta. Ta sha allurar kashe zafi dan haka bata ji komai ba balle ta ankarar dani. Allurar wanki mai huda a gefe wacce bakinta yake a toshe ta ƙare mana tun satin daya wuce, sai na ɗauki allura gama gari mai lamba 27 wacce take fesawa gaba kai tsaye, na lanƙwasa, na zura a hanyar ɓangaren kumatu. Naji ta ɗan cije a ciki, wallahi naji, amma maimakon in ja baya sai na danna da babban yatsa saboda naga ruwan ba ya tafiya. Haifon ranar wajen kashi 3 ne.

Ƙarar da tayi har yau tana kunnena. Ta damƙe wuyan hannuna tana cewa wayyo Allah likita idona, wuta, wuta, mutumin da aka kashe wa guri da allura bai kamata yaji haka ba, nan take na san me nayi. Kafin in cire shimfiɗar robar da muke killace haƙori da ita, kumatun ya fara tashi ina kallo, kamar fanke a cikin mai, minti biyu zuwa uku ya haura ƙasan ido ya gangaro leɓen sama. Jini ya riƙa ɓulɓulowa ta cikin haƙorin, na tsane ya sake cika, na tsane ya sake cika. Sistar da take taimaka min ta tsaya riƙe da abin zuƙe yawu tana salati.

Duk da na sani sai dana duba sauran abubuwan da suke kama da shi, da sauri. Ba ƙaiƙayi ba borin jini a jiki ba shaƙewar numfashi, bugun zuciya da hawan jini ba su faɗi ba, dan haka ba jikinta ne ya ƙi allura ba. Na danna kumburin banji wannan ƙaras ƙaras ɗin da iska take yi in ta shiga ƙarƙashin fata ba. Na tambayeta ko tana jin ɗanɗano ko warin bilic a maƙogaro ko ruwa yana zubo mata ta hanci tace a'a, wato bai faɗa kogon ƙashin kumatu ba, cikin nama ya shiga. Saiwar ɓangaren kumatu ta wannan haƙorin ƙashin da ya rufeta siriri ne, a wasu mutanen ma akwai 'yar taga a gurin, ba komai tsakanin saiwa da nama, kuma a rahotannin da aka tattara na irin wannan hatsarin mata sun fi yawa, haƙoran sama sun fi yawa. Ta cika kowanne.

Babu wani magani da ake zubawa ya kashe haifon da ya riga ya fita, wannan ya kamata kowa ya sani, abin da ake yi rage ɓarna ne da rage azaba. Na ɗaga kujerar ta zauna, na zuƙo abin da zan iya da sirinji mara komai, sannan na riƙa wanke hanyar da ruwan gishiri a hankali, sirinji bayan sirinji, kuma ban yi ƙoƙarin tsayar da jinin ba na barshi ya zuba, fitarsa tana rage abin da ya taru, sai da yayi wajen kwata na awa kafin ya lafa. Na ƙara mata allurar kashe zafi a babbar jijiyar da take fitowa ƙasan ido, a nan ne ta samu ta daina kuka. Na aika aka sayo fiya wata mai ƙanƙara a shagon maƙota muka naɗe a tawul ta riƙe a kumatu. Na kira wani malamina likitan tiyatar fuska da muƙamuƙi, ban ɓoye masa komai ba, ya tambayeni numfashi, haɗiya, gani, motsin ido, nace duk lafiya, yace toh ba sai an kwantar ba amma ka ganta kullum, in kumburin ya doshi wuya ko idon ya canza ka kawota ko ƙarfe nawa ne. Da shawararsa na yi mata allurar deksametason mai rage kumburi sau ɗaya, na rubuta mata ibufurofen da farasitamol, da Augmentin saboda naman da ya ƙone ga haƙori mai ɗauke da cuta abu ne mai sauƙin ruɓa. Maganar gaskiya waɗannan biyun, deksametason da maganin kashe ƙwayoyin cuta, hujjarsu daga rahotannin ɗaiɗaikun marasa lafiya take, ba kowane likita ne yake bayarwa a ƙaramin hatsari ba, nata dai ba ƙarami bane. Haƙorin ban saka masa komai ba sai auduga da cikon wucin gadi.

Sai maigidanta ya iso. Magidanci ne mai natsuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalleta ya kalleni, ido ɗaya ya kusa rufewa, yace likita garin neman gira kuma sai a rasa ido? Akwai hanya mai sauƙi a gabana, in ce jikinta ne bai karɓi magani ba, ba wanda zai ƙaryata ni a ɗakin. Nace ranka ya daɗe ruwan da nake wanke cikin haƙorin da shi ne ya wuce ƙarshen saiwa ya shiga nama, daga hannuna ne, idon lafiyarsa ƙalau fatar ce ta kumbura, gobe da jibi zai fi haka muni kafin ya fara sauka, fuskar zata yi baƙi kamar an daketa, zai iya ɗaukar sati biyu zuwa huɗu, kuma duk abin da za'a kashe a kaina. Ya daɗe bai ce komai ba sannan yace tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Naji daɗin maganar amma ni na san wannan tsautsayin da babban yatsana na danno shi. Ita kuwa abin da ta iya cewa kawai, likita bikin fa.

Na rubuta musu a takarda, sanyi yau da daren nan, minti 15 a ɗora minti 15 a sauke, daga gobe da yamma a koma ruwan ɗumi da kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a kwanta da filo biyu, kada a shafa man zafi kada a yi tsaga kada a kai wa mai ƙaho, wannan na ƙarshen sai dana maimaita saboda na san in tsofaffin gida suka ga jini ya taru abin da zasu fara kawowa kenan. Na bashi lambata.

Washegari idon ya rufe ruf, sai dana buɗe fatar da yatsa na haska, tana gani tana juya shi ko'ina. A baƙar fata taruwar jini ba ta fitowa shuɗiya kamar hotunan littattafanmu, duhu kawai gurin yake ƙarawa da ɗan sheƙi, amma in ka ɗaga leɓe ka duba ciki sai kaga abin sosai, jajawur da shunayya tun daga fiƙa har turame. Rana ta uku kumburin ya tsaya, duhun kuma ya gangaro har muƙamuƙi saboda jinin yana bin nauyi. Rana ta biyar ido ya buɗe, sai wani ɗan gyambo mai fari fari ya fito a dasashi saitin saiwar, faɗinsa bai kai farce ba, naman da ya mutu ne yake saluɓewa, muka riƙa wanke shi. Leɓenta na sama ɓangaren hagu da gefen hanci sun mutu murus, tace in tana shan shayi sai ya zubo bata sani ba. Abin da ban yi tunaninsa ba kuma shi yafi damunta, maƙota sun fara ƙus ƙus wai maigida ne ya daketa, har wata gwaggonta tazo da faɗa, sai da mijin ya roƙeni na yi wa gwaggon bayani a waya, ina cewa wallahi Hajiya ba shi bane nine, tana cewa kai kuma waye. Biki dai taje da niƙabi, ankon ma wata ta ƙarasa ɗinkawa.

Dana zauna na lissafa, kuskuren ba ɗaya bane, sarƙa ce, kuma da ɗaya daga ciki ya tsinke da ba'a kai nan ba. Lambar da ban gyara ba, auna tsayi da ban sake ba, ƙofar saiwa dana faɗaɗa, allura mai fesawa gaba, cijewar da naji na ƙyale, sai babban yatsa. Ƙa'idar kowa ya haddace ta tun aji huɗu, allura ta tsaya kamar milimita 2 kafin ƙarshe da alamar roba a jikinta, ta zama tana yawo a sake, hannu yana kai ta yana dawo da ita, a danna da manuni a hankali ana ganin ruwa yana dawowa ta sama, in bai dawo ba to wani guri yake tafiya. Na san duk wannan ranar ma. Janareta nake saurare.

Wani abokin aikina da yaji labari yace shi yasa shi ya daina haifo kwata kwata, ruwan gishiri kawai yake amfani da shi yana barcinsa lafiya. Wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu, na fahimceshi, nima satin farko hannuna rawa yake in na ɗauki sirinjin. Amma ban yarda da shi ba. Ruwan gishiri kora kawai yake yi, ba ya kashewa ba ya narkarwa. Wasu masu bincike Byström da Sundqvist a ƙasar Suwidin sun gwada wannan a bakin mutane tun farkon shekarun 1980, a cikin hanyoyi 15 da aka wanke da ruwan gishiri 8 ne suka fita babu ƙwayar cuta a zama na biyar, da haifo mai rabin kashi kuwa 12 cikin 15. Kuma su ɗin dai a 1985 suka ga mai kashi 0.5 da mai kashi 5 ba su da wani bambanci gurin kashe ƙwayoyin cuta a cikin hanya. Dan haka wanda yake tsoro ga mafita, ya rage ƙarfi ya ƙara yawa ya ƙara lokaci yana sabuntawa akai akai, illa dai mai rauni yafi jinkirin narkar da nama. Barcin da abokina yake yi mara lafiyarsa ne zai biya bayan shekara biyu in ƙurji ya dawo aka ce a cire, kuma ba wanda zai ce laifin wanki ne, cewa za'ai dama aikin jijiya ba ya ɗorewa.

Haifo ma ba shi kaɗai yake aikin ba. Fayil in yana gurzar bango yana barin wata laka, garin haƙori da ragowar nama da ƙwayoyin cuta, ta shafe bangon kamar an yi yaɓe ta toshe 'yan ƙananan ramukan jikinsa. Haifo yana cin naman ciki amma ba ya cin garin, wannan aikin wani ruwan wanki ne da ake kira EDTA, wanda Nygaard-Østby ɗan Norway ya shigo da shi aikin jijiya a 1957, kashi 17 cikin 100 na kamar minti ɗaya a ƙarshe, in aka barshi ya daɗe sai ya fara zaizaye bangon kansa. Ruwan sitirik asid kashi 10 ma yana yin wannan aikin. Kada a gauraya EDTA da haifo a sirinji ɗaya, yana kashe wa haifon kaifi. Sai kuloheksidin, irin na kurkure baki amma mai ƙarfi, kashi 2, yana kashe ƙwayoyin cuta har da Enterococcus faecalis mai taurin kan nan da ake yawan samu a aikin da ya lalace, kuma yana manne wa bango ya cigaba da aiki bayan an gama, sai dai ko silin nama ba ya narkarwa, dan haka ba magajin haifo bane. In kuma suka haɗu da haifo a cikin hanya nan take wata guda guda mai ruwan goro take fitowa, ta ɓata launin haƙori ta toshe ramuka, har ana muhawara ko tana ɗauke da sinadari mai guba, dole a kora da ruwan gishiri a tsane tsakaninsu. Haidurojin ɗin wanke rauni da manyanmu suke so saboda kumfarsa yanzu an bar yayinsa. Ruwan wankin da kamfanoni suke haɗawa irin su MTAD da QMix kuwa a littafi da taron bita na sansu, kuɗinsu ba na unguwarmu bane.

Sati huɗu cif kafin ta yarda ta sake hawa kujerar, kuma da sharaɗi, tace likita in naji warin abin nan tashi zanyi. Na sake auna tsayi da na'ura da hoto, 19.5, ga shaidar laifina a rubuce. Ƙofar saiwar ɓangaren kumatu ta yi faɗin da fayil mai lamba 45 yake wucewa salin alin. A irin wannan halin dama shawarar da aka fi bayarwa ita ce a ƙarasa ba tare da haifo ba, kuma sa'ar da akai yawancin narkarwar an riga an yi ta a zaman baya. Na wanke da ruwan gishiri, EDTA minti ɗaya, ruwan gishiri kuma saboda EDTA ma in ya haɗu da kuloheksidin farin gari yake yi, sannan kuloheksidin, da allura mai huda a gefe lamba 30 wacce na saya da kuɗina, na kaɗa ruwan da sandar gota-faca, siririyar robar da ake cike hanya da ita, ina sama da ƙasa da ita a hankali dan ya shiga lungu. Na mayar da kalsiyam haidoroksaid na sati biyu ya ƙarasa abin da ya rage. Da ta dawo ƙurjin dasashi ya rufe, hanya a bushe ba wari, na gyara wa gota-faca mazauni ɗan nesa da ƙofar yadda ba zata zarce ba na cike, na rufe da ciko mai kalar haƙori.

A asibitin yanzu haifo kashi 1.5 muke surkawa kullum da safe a kwalba mai duhu, sirinjinsa mai murɗawa ne yadda allura ba zata fizge ba kuma da jan salatif a jiki, na gishiri ba salatif. Na hana ɗura shi a kwalbar allurar kashe zafi da ta ƙare, wata ɗabi'a ce da na gani a gurare kuma an sha samun wanda ya ɗauka ya tsira wa mutum a dasashi. Batiri biyu ne a durowa. In na taɓa tsinin haƙori sai na soke lambar kati a gaban sista.

Leɓen ya dawo a hankali, da farko kamar kiyashi yana bi, wajen sati na bakwai tace ta daina zubar da shayi. A wata na shida muka ɗauki hoto, baƙin dabon ya ragu da fiye da rabi ƙashi yana cikowa, a dasashi saura ɗan tabo fari da sai ka ɗaga leɓe zaka gani. Na sake yi mata maganar hular haƙori saboda irin wannan haƙorin yana tsagewa in ba'a rufe shi ba, nace ni zan biya rabi, tace sai bayan sallah in ɗinki ya kawo kuɗi. Tana saka mayafi zata fita take gaya wa sista wai har yau babbar 'yarta ce take wanke banɗaki, ita in aka buɗe jarkar bilic tsakar gida take fitowa.